Shekara Huɗu da Na Ƙara wa Alkasum

Alela, kwana biyar bayan Layya, 1972

Zuwa ga Direba, a Maraɗi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar ga ta iske ka lahiya, kai da Saratu da yara duka. Ina gajiyar hanya, ina sanyi? In ka tambaye mu muna nan lahiya lau, sai gwiwar ga tawa da ta rantse sai ta riga ni shiga kabari. Na ga atamfar Salla da ka aiko, Allah shi yi albarka. Amma wa ya ce maka ni budurwa ce, da za ka zaɓo min mai tsuntsaye?

Kada ka yi mamakin rubutun ga mai kama da inda kaji sunka yi tono. Hannuna ne. Shekara uku ke nan ina zuwa yaƙi da jahilci. Ban kai wa Rabo mai rubutun wasiƙa ba, don maganar abin kunyata ce, kuma ka san bakinshi, kahin tawada ta bushe matan bakin rijiya sun ji.

Maganar angona ce, ɗanka na fari, Alkasum. Na san yanzu ka kau da kai. To kau da shi, idonka dai shi tsaya kan takarda.

Shekaranjiya babban malaminsu, Mushe Inusa, darektan lakwal, makarantar boko ke nan, ya zo gida da kanshi. Ya ce yaron shi ne na ɗaya a ajinsu, amma ba shi iya sa sunanshi cikin masu jarrabawar shiga kolej ta bana, don takardarshi ta ce shekara goma sha takwas gare shi, ya wuce. Sha takwas! Yaron da bai cika sha huɗu ba. Mushe na ta mamakin wanda ya yi wannan aika-aika, ni kuwa ina ta gyara bakin zane, don ni ce.

Ba ka nan shekarar da anka zo ɗibar yaran lakwal, kana hanyar Kwatano. Malamin buro, na ofishin hukuma, ya zauna ƙofar maigari da babban littahi, mata na ta ɓoye ɗiyansu, wata cikin rumbu, wata ƙarƙashin gado. Na dubi nawa na ga rumbu ba shi ɗaukar tsawonshi, kuma ko ya shiga sai ya yi gardama da ɓeraye an ji shi. Sai na ce bari in yi dabarar masu hankali. Na ji an ce ba su ɗaukar wanda ya girma, sai na tsaya gaban malamin na ce yaron ga shekarar yunwar Muda anka haihe shi, shina bayana muna tonon gidan tururuwa neman hatsi. Har hawaye na matso. Malamin ya ga zanƙalelen yaro, ya rubuta abin da na faɗa. Sannan ya ce yara talatin anka ce shi kawo, ashirin da bakwai gare shi, don haka ko da gemu ne sai ya tahi. Ƙaryata ta zauna cikin littahi, yaro kuma ya tahi lakwal. Na yi asarar hawayena.

Tun ranar yaye da na ɗauko shi daga hannun Saratu ba ka taɓa tambayata halinshi ba, yadda ya kamaci mai kunyar ɗan fari. To bari in gaya maka wa ka haifa. Bahago ne, an buge hannun har an gaji. Ba shi son tuwo sai hura. Ba shi da saurin magana, amma in ya ce a'a ka nemi wurin zama. Tun shina da shekara tara, in guga ta faɗa rijiya shi aka ɗaura wa igiya, don siriri ne kuma ba shi tsoro. Sai dai ba guga kaɗai yake hitowa da ita ba, har da duwatsu da laka cikin aljihu. Tasoshin aurena da nake ji da su yau duk ƙasa ce ciki, kowace da sunan rijiyar da anka ɗebo ta. Bara maginan rijiya na haƙa a yamma da gari, ya tsaya ya murza ƙasar da sunka hiddo, ya ce musu irin ta busasshiyar rijiyar bayan makabarta ce, ba su iske ruwa. Sunka kore shi da tsumagiya. Gaba goma sha biyu sunka yi, ko danshi. Bai yi musu dariya ba, komawa ya yi ya roƙe su dunƙule ɗaya na ƙasar can ƙasa. Ya ce akwai karatun da aka koyon inda ruwa ke kwance cikin ƙasa, kuma ƙofar karatun nan kolej ce.

Da mushe ya tahi na gaya mishi gaskiya. Bai yi kuka ba. Ya ce, "Goggo, nawa kinka ƙara?" Na ce huɗu. Ya ce, "To sai ki rage su." Tun ranar bai sake ce min amarya ba.

Mushe ya ce juji, alƙalin hukuma na Ƙonni, na iya gyara takardar in uban yaro ya zo da shaidu biyu, amma kahin ƙarshen watan Maris, don lokacin ne za a aika sunaye birnin Tawa. Don haka ka shirya. A gaida Saratu, a shafa min kan yara.

Ni ce mahaihiyarka,
Delu


Alela, washegarin Cika-ciki, 1972

Zuwa ga Direba.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina aiki, ina iyali? An ce ƙaramar na haƙori, Allah shi sawwaƙe. Mu nan lahiya, mun ci mun cika ciki jiya har Asabe ungozoma ta kasa tashi daga tabarma.

Amsarka ta iske ni tare da sukari da shayi. Sukarin na da daɗi, amsar ba ta da shi. Ka ce ƙanenka Chindo, tun da a Ƙonni yake zaune, shi tsaya maka, don bai kamata a gan ka gaban jama'a kan maganar yaron nan ba, abokanka na gareji sai su maishe ka abin dariya. Ka ce kuma in lakwal ta ƙi, a turo maka shi shi koyi mota. Na karanta mishi wurin. Ya ce a gaya wa Direba an gode, amma mota ba ta shiga rijiya.

Maganar Chindo kuwa ta mutu, kuma ɗanka ya kashe ta. Satin da ya wuce na tashi da sahe na iske shimfiɗarshi a naɗe, ya bar min rubutu da gawayi jikin ƙyaure, da manyan baƙaƙe don ya san idona: NA TAHI ƘONNI. Ashe masu jakai ya bi, waɗanda ke kai gero. Kwana huɗu ban san ɗanɗanon abinci ba. Ya dawo tahin ƙafarshi duk ya yi ruwa, da 'yar takarda cikin hula. Chindo ya aiko min da sauran labarin. Wai ya zauna ƙofar buron juji tun hantsi har azahar, an kore shi sau biyu, shina matsawa taki uku shina sake zama. Da malamin juji ya gaji ya shigar da shi, ya tsaya ya yi bayaninshi da faransanci bai yi gargada ba. Juji ya tambaye shi ko ubanshi na da rai. Ya ce shina da rai. Juji ya ce to ba kawu ba, ba baffa ba, uban ne zai zo shi faɗi sunan ɗanshi da shekarar haihuwarshi da bakinshi. An ba mu rana: Talata, ashirin da ɗaya ga Maris.

Da na gama yi mishi faɗa na dafa ruwan bagaruwa na gasa mishi ƙafafun. Na ce ango, in ka sake gudu ka bar ni sai in kai ƙara a raba auren. Ko murmushi. Ya ce, "Goggo, ruwan ya huce."

Kullum shina zuwa lakwal, shina zama gaba, shina karatun jarrabawar da babu sunanshi ciki. Yara sun ji labari, sun sa mishi Tsohon Muda, suna tambayarshi ina matanshi. Shina amsawa kamar sunan yanka ne. Ɗaya kaɗai ya kai ƙasa, wanda ya ce kakarshi maƙaryaciya ce. Na ce ai gaskiya yaron ya faɗa. Ya ce shi ya sani, amma ba bakin wancan ne zai faɗe ta ba.

Yanzu ga abin da na tuno, ka ga tsohuwa ba ta rasa amfani. Ranar sunanshi ka gudu don kunya, ka tuna? Wanzami na aski, ana neman ango ko sama ko ƙasa. Ashe Tawa ka tahi, ka kwana tara, ka dawo da farmi, takardar tuƙinka, kana nuna wa kowa kamar ita anka haifa maka. To akwai hatimi da kwanan wata jikinta. Ka taho da ita. Gudun da ka yi shi zai yi mana shaida.

Shaidu kuwa ni ce da Asabe, ita ta yanke cibi. An ce wanda ya yi wa hukuma ƙarya ana iya kulle shi. In sun kulle ni ku riƙa kawo min goro, fari, ban son ja. Amma zuwa kam za ni, ko da rarrafe.

A gaida Saratu. Ina jiran amsa, ba sukari ba.

Mahaihiyarka,
Delu


Alela, goma ga Maris, 1972

Zuwa ga Sanusi.

Ka gani? Na rubuta. Ɗaki bai faɗo min ba, hannuna bai shanye ba. Shekara talatin da takwas ban taɓa faɗin sunan ga ba, sai yau da na zauna na zana shi baƙi bayan baƙi, sau uku ina gogewa.

Ina fata kana lahiya, kai da iyalinka. Sati biyu shiru, kuma na san takardata ta iske ka, don mai motar kasuwa ya ce hannu da hannu ya ba ka, ka sa aljihu ka ce mishi rana ta yi zahi.

Kai ma ɗan farina ne, kuma na yi maka kunya yadda uwata ta yi min. Ranar yayenka kakarka ta ɗauke ka, ban bi ta da kallo ba don kada a ce ba ni da ta ido. Akwai abin da ba ka sani ba. Shekarar da ka yi ƙyanda, kana da shekara biyar, kana kwance ɗakinta kana kiran ruwa, ni ina bayan danga tsaye da tulu a kai, kamar wadda ta zo wucewa. Kwana shida ina wucewar nan. Ban shiga ba. Mata sunka yi ta yabona, wai Delu akwai kunya. Yabon nan na nan wurina har yau, ban san abin da zan yi da shi ba.

Ban ce al'adarmu banza ce ba. Da ita anka reni ubanka, ya zama mutum. Amma takardar buro ba ta san kunya ba, abin da baki ya faɗa take rubutawa.

Ka tuna zuwanka na ƙaramar Salla, shekara biyu ke nan? Ka kira yaran gidan ga ɗaya ɗaya da sunansu ka ba su alewa, tashi kuwa ka miƙo min ka ce a ba wancan. Da sahe ka iske gilashin kamyonka, babbar motar nan, a wanke tas, ka tambaya wa ya yi. Na ce angona ne. Ka shiga mota abinka. Shina bayan rumbu shina jin ka. Na ce mishi kada shi damu, kunya ce. Ya ce, "Goggo, in mutum na daga waje, kunya da ƙi kamarsu ɗaya."

Bai san na rubuta maka wannan ba, da ya sani da ya yaga. Ya ce kada in sake roƙonka. Ya ce ran Talatar da anka ba mu zai tsaya gaban juji ko da kai ko ba kai, in an ƙi shi bana zai koma baɗi, har juji shi gaji da ganin huskarshi. Kuma zai yi, na san abin da na rena. Sai dai baɗi takarda za ta ce sha tara.

Ni na yi ɓarnar ga, ni zan tsaya in ce na yi. Abin da ya rage kalma ɗaya ce, kuma bakinka take. Muna sauka gidan Chindo ran Litinin, ashirin ga wata.

Allah shi tsare hanya.

Ni ce uwarka,
Delu


Alela, ashirin da huɗu ga Maris, 1972

Zuwa ga ɗiyata Saratu.

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lahiya, ke da yara. Ina zahi, ina hidimar gida? Haƙoran ƙaramar sun hito? Na san mijinki ya iso, na kuma san in kin tambaye shi yadda anka yi zai ce lahiya lau, shi nemi ruwan wanka. Shi ya sa na ce bari in ba ki labarin da kaina, ki zauna.

Ran Talata tun da hantsi muna ƙofar buron juji, ni da Asabe ungozoma da Chindo da ɗanki. Ya sa kakin lakwal, wandon ya tsaya mishi rabin ƙwauri. Mu ne na farko da anka kira, mijinki kuwa babu shi babu labarinshi. Yaron ya tashi ya roƙi a maida mu ƙarshe. Anka yi shari'ar gona, anka yi ta raƙumin da ya ci waken wani, anka yi ta wasu mata biyu da tunkiya. Duk motar da ta wuce sai in ga kunnenshi ya motsa, amma bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Ana gab da azahar munka ji kukan kamyo ya tsaya. Sai ga mutumin naki, riga duk baƙin mai, wai taya ta fashe mishi wajen Galmi. Ya gaida ni, ya gaida Asabe, ya gaida Chindo, ya gaida har dogarin ƙofa. Yaron ya durƙusa, ya ce mishi yawwa shina kallon bango.

Ni anka fara kira. Jujin yaro ne, ban tsammanin ya girmi Chindo. Na ba shi labari tun daga gidan tururuwa har hawaye. Ya ce, "Tsohuwa, kin san ƙarya gaban hukuma laihi ce?" Na ce na sani, ranka shi daɗe, shi ya sa na taho da tabarmata da goron kwana uku. Ya duƙar da kai cikin takardu, na ga kafaɗarshi na rawa. Ya ce in je in zauna, kada in ƙara. Na ce ai jikokin da sunka rage nema nake a ɗauke su.

Asabe kuwa kin san kunnenta. An tambaye ta haihuwa ɗaya, ta kawo goma sha biyu, da wadda ta zo da ƙafa da wadda ta zo da rana tsaka. Amma ta faɗi taki daidai, ta ce damina ta huɗu bayan Muda, ranar da ruwa ya kada katangar maigari.

Sannan anka kira mijinki. Ya miƙa farminshi, ya ce satin suna ya karɓe ta. Juji ya duba hatimi, ya ce hamsin da takwas, ya rubuta. Ya ce, "Mi ke tsakaninka da mai ƙara?" Ya ce yaron nan na gidanmu ne. Juji ya ce bai tambayi gida ba. Ya ce to, shi ya haihe shi. Juji ya ce, "Sunanshi?" Saratu, na ga mijinki na tada kamyo da hannu tsakar rana bai yi zuhar da ya yi nan ba. Ya dubi Chindo, Chindo ya dubi sama. Ya dube ni, na ƙura mishi ido ina tauna gorona. Ya motsa baki. Juji ya ce bai ji ba, malaminshi ma bai ji ba, kuma abin da ba a ji ba ba a rubuta shi. Sai ya cire hula, ya share goshi, ya ɗaga murya kamar mai kiran wani daga ƙetaren gona, ya ce, "Alkasum!"

Yaron na can baya bakin ƙofa, kanshi a duƙe tun da anka fara. Sai ji munka yi ya miƙe zumbur ya ce, "Na'am, Baba."

Ba wanda ya yi dariya. Asabe da ba ta jin komi ita ta fara jan hanci. Mijinki ya tsaya da hula a hannu, bai juyo ba, ya ce a hankali, "Zauna, ba kiranka na yi ba." Can ya ce, "To, taho nan." Ya taho ya tsaya gefenshi. Sannan na ga ashe kafaɗarsu ta kusa zama ɗaya.

An buga hatimi kahin la'asar. Mijinki ya ce ba a jiran motar kasuwa, shi zai kai mu Alela a ba mushe takardar hannu da hannu. Su biyu sunka shiga gaba. Ni da na haihe shi, da Asabe, anka ɗora mu baya kan buhunan gyaɗa kamar awaki. Ban ji abin da sunka ce ba, amma ta 'yar tagar baya ina ganin hannun hagun nan na ta zane cikin iska, shina nuna tudu shina nuna kwari, uban na gyaɗa kai. Sau biyu motar ta kusa barin hanya.

Mushe Inusa ya sa sunanshi, jiya anka aika Tawa. Jarrabawa sai farkon damina. Ci ko faɗuwa na wurin Allah, amma zai zauna, da shekarunshi na gaskiya.

Ki sa a ɗinko mishi wando, ki auna da na ubanshi ki rage ɗan yatsa uku. In kuma kina da abin da za ki ce mishi, ki sa a rubuta, zan ba shi. Ba ni tilasta ki faɗin sunan. Mutum ɗaya a shekara ya ishi gida guda.

A shafa min kan yara. Allah shi yi muku albarka.

Ni ce surukarki,
Delu